Hayabusa a tseren mita 402: haƙora nawa gaba, nawa baya, kuma wace sarƙa?

Mai Busa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masana nake nema. Suzuki Hayabusa ce ƙirar 2008, ba a taɓa buɗe injin ba, salansa kaɗai aka canja. Ana shirya ta ne don tseren miƙe na mita 402, wato kwatan mil, a filin tsere ba kan titi ba. Sifroket, wato farantin haƙoran da sarƙa take hawa, na kamfani ne, haƙora 18 gaba 43 baya, sarƙa mai lamba 530. Takardar lokaci tana nuna kilomita 232 a awa a bakin layi, a giya ta huɗu. Yanzu za a ƙara wa hannun tayar baya tsawon inci 8. Wasu sun ce a sa 16/46, wato 16 gaba 46 baya, ta fi fizga, wasu sun ce a koma sarƙa 520 don a rage nauyi. Wanne zan kama?

Ɗan Lissafi: Wa alaikumus salam. Malam, kafin a sayi komai a zauna da biro da takarda, kuma daga bakin layin ƙarshe ake faro lissafin, ba daga wurin tashi ba. Abin da ake so shi ne babur ya tsallake layi yana dab da ƙure giyar da yake ciki, ba tare da ya bugi limita ba, wato na'urar da ke hana inji wuce iyakar juyinsa, ba kuma tare da an ƙara canja giya ana saura mita talatin ba.

Ga alƙaluman Hayabusa: ragin farko tsakanin inji da kuloci, wato juyi nawa inji yake yi kafin kuloci ya yi ɗaya, 1.596 ne. Giya ta ɗaya 2.615, ta biyu 1.937, ta uku 1.526, ta huɗu 1.285, ta biyar 1.136, ta shida 1.043. Ragin ƙarshe kuwa ka raba haƙoran baya da na gaba, 43 a raba da 18 ya ba da 2.389. Tayar 190/50-17 zagayenta kusan mita 1.95 ne.

Sai ka ɗauki juyin inji a minti, ka ninka da zagayen taya, ka ninka da 0.06, sannan ka raba da abin da ragi ukun nan suka bayar idan aka ninka su. A giya ta huɗu ragin gaba ɗaya 4.90 ne. Idan muka ɗauki juyi 10,500 a matsayin inda za ka tsaya, yadda baburin yake yanzu zai kai kusan kilomita 251 a ta huɗu. Kai kuma 232 kake tsallakewa da shi, ke nan injin yana wajen 9,700 a bakin layi. Akwai ragowar juyi da ake barin ta a banza, amma ba mai yawa ba ce. 17/43 zai sa ta huɗu ta ƙure a 237, 18/46 a 234, 17/44 a 231. Tun da ƙarin tsawo zai gyara maka tashi, wataƙila gudun ƙarshe ya ɗan ƙaru, ni 17/43 zan ce. 17/44 zai iya sa ka bugi limita kafin layi ranar da iska take bayanka.

Bakanike: Lissafin ya yi, sai dai kada a ɗauki 1.95 ɗin nan kamar aya. Tayoyi biyu masu lamba ɗaya daga kamfani daban sukan bambanta da santimita biyu ko uku a zagaye. A sa iskar da za a yi tseren da ita, mahayi ya hau da kayansa, a ja alli a jikin taya da ƙasa, a tura babur har alamar ta zagayo sau uku, a auna a raba uku. Santimita biyu a zagaye kashi ɗaya ne cikin ɗari, wato fiye da kilomita biyu a bakin layi, kusan rabin haƙori ɗaya na baya ke nan.

Oga Totur: Ni ban yarda a watsar da 16/46 haka nan ba. Ɗan Lissafi, buga mana shi a giya ta biyar mu gani.

Ɗan Lissafi: Gaskiyarka Oga. 46 a raba da 16 ya ba da 2.875. Ta huɗu za ta ƙure a 208, ta biyar kuma a kusan 236. To shi ma ya faɗa daidai, amma a ta biyar, da ƙarin canji ɗaya. Wanda bai da amfani shi ne na tsakiya, irin su 17/46. Ragin 17/46 a ta biyar 4.91 ne, na kamfani a ta huɗu 4.90. Ka ga an sayi sifroket, an ƙara canjin giya, an kuma tsallake layi da juyin da aka saba.

Oga Totur: To ai shi ne. Wanda yake da na'urar canja giya ta iska, maɓalli kawai yake dannawa totur na buɗe, canjin nan ba ya cin komai da za a yi kuka a kai. Ribarsa kuma ita ce daga ta biyu zuwa sama ƙarfin da ke isa taya ya fi yawa a kowace giya. In hannun baya ya yi tsawo kuma taya tana kamu, gajeren giya yana biya.

Baban Gareji: Oga Totur, yana biya ga wanda baburinsa zai iya shanye ƙarfin. Bari mu duba giya ta ɗaya da idon basira. Wannan injin yana ba da ƙarfin murɗa kusan Nm 155. Ninka da 1.596 da 2.615, ka sami kusan 647 a sandar sifroket ɗin gaba. Ninka da 2.389 na kamfani, ka raba da tazarar tsakiyar taya zuwa ƙasa, mita 0.31, turin da ke isa ƙasa ya kusa kilo 500. Babur kilo 260 ne da 'yan kai, a ɗora mahayi mai kilo 75, duka 335. Turi ya ninka nauyi sau ɗaya da rabi tun ba a taɓa sifroket ba. Babur mai tsawon kamfani, mita 1.48 tsakanin tayoyi, ba zai iya amfani da wannan duka ba, ko dai ya ɗaga kai ko taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Shi ya sa mahayi yake zamar da kuloci har ya wuce ƙafa 60 ɗin farko, wato kamar mita 18 daga layin tashi.

Da 16/46 ka ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan abin da dama ya yi yawa. Giya ta ɗaya da take kai 123 za ta ƙure a 102. Mahayin da hannunsa bai faɗa ba, da zarar gaba ta tashi sai ya sassauta totur, kuma abin da ya rasa a wannan sassautawar ba zai dawo da shi a ta huɗu da ta biyar ba. Inci 8 zai taimaka ƙwarai, tare da ɗaure gaba da igiya a sauke ta, amma a fara da 17/43, a kalli lokacin ƙafa 60. Idan gaba ta zauna, taya ba ta zamewa, injin kuma yana nutsewa bayan an saki kuloci, a lokacin ne za a yi maganar ƙarin haƙora.

Sabon Shiga: Don Allah yallaɓai, me ake nufi da nutsewa? Kuma canja sifroket yana rage faɗuwar juyi idan an canja giya?

Baban Gareji: Nutsewa ita ce ka saki kuloci, taya ta kama ƙasa gam, juyin inji ya zube daga misali 6,000 zuwa 4,000, babur ya yi kamar zai shaƙe kafin ya farfaɗo. Tana zuwa ne daga saurin sakin kuloci, ko ƙarancin juyi a tashi, ko giya ta yi tsawo. A fara gyara biyun farko, su kyauta ne.

Ɗan Lissafi: Tambayarka ta biyu, ƙanena, amsar a'a ce, kuma mutane da yawa suna ruɗewa a nan. Faɗuwar juyi daga cikin giyabos take. Idan ka canja a 10,500, daga ta ɗaya zuwa ta biyu za ka faɗo kusan 7,800, ta biyu zuwa ta uku 8,300, ta uku zuwa ta huɗu 8,800, ta huɗu zuwa ta biyar 9,300. Ko wane sifroket ka ɗaura haka zai kasance. Abin da sifroket yake canjawa shi ne a wane gudu da wace mita ta fili canjin zai same ka.

Mai Busa: Na gamsu da 17/43. Amma me ya sa ba 18/46 ba, tun da kusan ɗaya suke?

Bakanike: Kowanne yana da nasa. Rage haƙori ɗaya a gaba daidai yake da ƙara kusan biyu da rabi a baya, ga arha, kuma ba ya neman ƙarin sarƙa. Illarsa ita ce ƙaramin sifroket yana ƙara wa sarƙa wahala ta hanya biyu. Na farko ja. Rabin faɗin mai haƙora 18 milimita 45.7 ne, mai 17 kuma 43.2, mai 16 ya sauko 40.7. Raba Nm 647 ɗin da Baba ya kawo da waɗannan, za ka ga jan da ke kan sarƙa a giya ta ɗaya ya tashi daga kusan tan 1.4 zuwa 1.5 zuwa 1.6. Wannan ja ne na lumana, ba a sa fizgar sakin kuloci a ciki ba, ita kuwa tana iya ninka shi. Na biyu lanƙwasa. Sarƙa ba da'ira take yi a kan sifroket ba, kusurwa-kusurwa take bi, haƙora suna raguwa kowace gaɓa tana ƙara karyewa, sarƙa tana ƙara kaɗawa. Kuma ƙaramin na gaba yana sauko da sarƙa ta riƙa cin robar da ke kan hannun baya, musamman a baburin da aka sauke ƙasa.

17 ba matsala, ai Hayabusa ta farko, 1999 zuwa 2007, da 17/40 ta fito daga kamfani. 16 ne nake ja da baya a kai. Duk mai son ragin Oga Totur ya nemi 17/49, ya ba da 2.88, abu ɗaya ne sarƙa kuma ta huta.

Wani ɗan abu kuma: 17 da 43 kowacce ba lambar da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta, saboda haka a kan sarƙa mai gaɓa 138 ko 140 kowace gaɓa tana zagayawa kan kowane haƙori, ci ya bazu daidai. 18 da sarƙa mai gaɓa 114 kuwa 6 tana raba su duka, gaɓoɓi ɗaya suke ta komawa kan haƙora ɗaya. Ba abin tada hankali ba ne, amma in an samu a kyauta a karɓa.

Oga Totur: Kada a manta agogon gudu. A wannan ƙirar daga sandar sifroket ɗin gaba yake karantawa, da an canja ragi ya fara ƙarya. Da 17/43 zai ƙara kusan kashi 6 cikin ɗari a kan ƙaryar da ya saba. Takardar fili da agogon juyi za ka bi.

Mai Busa: To saura maganar 520.

Injiniya: Bari in shigo nan. Lambar farko tana nuna tazarar ƙusa zuwa ƙusa ne, a ma'aunin ɗaya bisa takwas na inci. 4 rabin inci ne, milimita 12.7. 5 kuma 15.875, 6 ita ce 19.05. Lambobi biyun ƙarshe faɗin ciki ne: 520 milimita 6.35, 525 kusan 7.9, 530 kusan 9.5. Ke nan 520 da 530 tazararsu ɗaya, faɗi ne ya raba su. Ƙarfin tsinkewa kuwa daga kaurin farantan gefe da ingancin ƙusoshi yake zuwa, shi ya sa 520 mai tsada daga DID ko RK ko EK takan fi 530 ta banza ƙarfi. Manyan 530 na waɗannan kamfanoni suna ɗaukar sama da tan huɗu kafin su tsinke.

Amma ƙarfin tsinkewa ba shi kaɗai ake dubawa ba. A 520 wurin da ƙusa take gogayya ya fi ƙanƙanta, haƙorin sifroket ya fi siranta, to nauyi ɗaya yana sauka a kan ƙaramin wuri. Ga babur mai inji cc 600 ko 1000 da ke tseren zagaye wannan ciniki ne mai kyau. Ga Hayabusa mai dogon hannu da taya mai danƙo irin Shinko Hook-Up, wadda ake sakar wa kuloci daga tsaye sau da yawa a yini, ribar ba ta kai kilo ɗaya ba ko a doguwar sarƙa, asarar kuwa in ta tsinke babba ce. A zauna a 530. Masu turbo da manyan baburan gasa na Amurka ma wasunsu 630 suke hawa, su nauyi bai dame su ba kamar tsinkewa.

Kada kuma a haɗa sarƙa 530 da sifroket na 520 wai ai tana shiga. Tana shiga, amma za ta riƙa yawo hagu da dama tana cin gefen haƙora. 520 a kan na 530 kuwa ba ta ma zama.

Sabon Shiga: Mai zoben roba ko marar roba?

Injiniya: Ya danganta da inda baburin yake kwana. Marar roba, irin EK DRZ2 da aka yi don tseren miƙe, ba ta da jan robobi kuma an kauranta farantanta, amma ba abin da ke riƙe giris a cikin ƙusoshi. Tana son mai bayan 'yan zagaye kaɗan, a fesa ta ciki tana da ɗumi, a goge ragowar tas, domin ɗigon mai a kan taya ko a layin tashi ba wanda zai yafe maka. A kan titi mai ƙura ba ta daɗewa. Idan baburin yana fita gari, a sa mai roba mai ƙarfi a huta, bambancin ba zai fito a takardar wanda bai gama ƙwarewa a tashi ba. Wanki da kananzir da burushi mai laushi, ban da fetur, yana lalata robobin.

Bakanike: Tsawon sarƙa kuma ga yadda yake. Kowane inci ɗaya da aka ƙara wa hannu yana cin gaɓa 3.2, saboda sarƙa tana zuwa tana dawowa. Inci 8 gaɓa 25.6 ke nan. Ta kamfani 114 ce, haƙorin da aka rage a gaba ya cire rabin gaɓa, lissafi ya tsaya wajen 139. Gaɓoɓi kuwa bibbiyu suke tafiya, ko 138 ko 140. 140 za ta tura aksil baya kamar milimita 7, 138 ta jawo shi gaba kamar 9. A tseren miƙe baya ake so, in dai ramin gyara yana da sauran wuri. A sayi mai 150, a ɗora ta a kan sifroket biyun, aksil yana inda ake so, a yi alama, a sake ƙirgawa, sannan a yanke. A fara goge kan ƙusar da giranda kafin a tura ta, in ba haka ba bakin na'urar yanka ne zai karye.

Ga mai son canja na baya a fili: kowane haƙori ɗaya yana motsa aksil kusan milimita 4. Daga 43 zuwa 45 milimita 8 ne, sarƙa ɗaya za ta iya ɗauka idan an bar wuri tun farko.

Baban Gareji: Gaɓar haɗi ta ribit za a sa, ba ta kilif ba. Kuma ta kamfanin sarƙar, ta lambarta, don ƙusoshin ba kaurinsu ɗaya ba ko da duk 530 ne. A matse farantin har faɗinsa ya yi daidai da na maƙwabtansa, a auna da kalifa, sannan a buɗa kan ƙusar gwargwadon abin da takardar sarƙar ta ce. In an zarce kan yana tsagewa, in an matse faranti da yawa gaɓar ta ƙage, za ka gan ta tana tafe a karkace ba ta miƙewa. Wanda dole ta sa shi amfani da kilif, rufaffen bakin ya kalli inda sarƙa take tafiya.

Sai sassauci, a nan ake kashe boris, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da sandar giyabos take juyawa a ciki. Littafi ya ce milimita 20 zuwa 30, amma wannan na baburin da ba a taɓa ba ne. Da an sauke shi an ƙara tsawo, lambar ta tashi aiki. Sarƙa tana fi ɗaurewa ne lokacin da sandar sifroket ɗin gaba, da ƙusar da hannun baya yake juyawa a kai, da aksil suka yi layi ɗaya. A danne bayan da igiya har ukun su daidaita, a juya taya a nemo inda sarƙa ta fi tauri, a bar mata ɗan wasa kamar milimita 10 zuwa 15 a wurin. Sai a saki igiyar a auna abin da ya bayar, wannan ce lambarka daga yau. Ɗaurarriyar sarƙa tana jan sandar giyabos duk lokacin da bayan ya zauna a tashi, ta cinye boris, ta fasa sil, wato robar da ke tare mai, mai ya fara zuba. Sakakkiya kuma a dogon hannu tana dukan hannun, tana iya tsallake haƙori.

Injiniya: A ƙara da daidaito. Layukan da ke jikin ƙarafan ƙarin tsawo ba abin dogaro ba ne. A auna da tef daga tsakiyar ƙusar hannu zuwa tsakiyar aksil, hagu da dama su zo ɗaya, sannan a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar sifroket ɗin baya a ga ko ya bi sarƙa har gaba. Idan gefe ɗaya na haƙora yana sheƙi ɗayan yana baƙi, a karkace take. Babur mai karkatacciyar taya ba ya tashi a miƙe, mahayi ya yi ta kokawa da shi yana zargin iskar taya.

Mai Busa: Na baya alminiyam ko ƙarfe? Kuma yaushe zan san sarƙa ta gama?

Oga Totur: Na gaba ƙarfe, ba muhawara. Na baya in fili kaɗai ne alminiyam mai tauri ya isa, ya fi sauƙi kuma ya fi samuwa a kowace lamba. In da hawan gari, ƙarfe. Da ka ga haƙora sun fara lanƙwasa kamar ƙugiya, ka cire, kada ka ɗora sabuwar sarƙa a kansu. Ka duba robobin da ke cikin cibiyar taya ma, in sun saki, sifroket yana samun wurin ɗaukar gudu kafin ya daki taya, fizgar kuma a kan sarƙa take ƙarewa.

Injiniya: Awon sarƙa: a ja ta ta miƙe, a ƙirga ƙusa 21, wato tazara 20, a auna tsakiya zuwa tsakiya. Sabuwa milimita 317.5 ce, iyakar da Suzuki ta sa 319.4. A auna wuri uku ko huɗu, domin ba ta ci daidai. A babur ɗin tsere ba a jira ta kai iyaka. Sabuwa takan ɗan saki a fitar farko, wannan zama ne, a gyara. Amma wadda kullum sai an ja aksil baya, ko aka ga jar ƙura kamar tsatsa tana fita daga gindin ƙusoshi, ko gaɓa ɗaya ta ƙage, ta gama. In ta tsinke a wannan baburin takan dunƙule a gaban sifroket ta fasa murfin da silindar kuloci take zaune a kai, wani lokaci har jikin inji, mai ya zubo gaban tayar baya ana cikin gudu. Shi ya sa marufin sarƙa na ƙarfe wanda ya kai tsawon sabon hannun ba ado ba ne, filaye masu bin ƙa'idar NHRA, hukumar tseren miƙe ta Amurka, suna duba shi kafin su bar ka ka shiga layi.

Sabon Shiga: Idan filin mita 201 ne fa, lissafin ɗaya ne?

Ɗan Lissafi: Hanyar ɗaya ce, giyar ƙarshe ce take canjawa. A ce takarda ta nuna 188 a mita 201. Ta uku a ragin kamfani tana kai 211, da 17/43 kusan 199, da 17/45 kusan 191. To 17/45 ne zai ƙure ta uku a bakin layi, canji biyu kacal. Ƙananan baburan da ake tseren mita 201 da su a Indonesiya da Tailan ma haka ake yi musu, sai dai su sukan sauka daga 428 zuwa 420 ko 415, don a ƙaramin inji nauyin sarƙa yana da tasiri, jan kuma bai kai ya tsinka ta ba.

Mai Busa: Allah ya saka da alheri. 17/43 da 530 mai gaɓa 140, zan kuma riƙe 44 da 45 a akwati.

Baban Gareji: Amin. In ka je gwaji abu ɗaya za ka riƙa canjawa, ka rubuta lokacin ƙafa 60, gudun mita 201, gudun ƙarshe da juyin da ka tsallake da shi. Notin sifroket ɗin gaba kuma a ɗaure shi da sifana mai awo gwargwadon littafi, a sa masa gam ɗin noti, mutum ya taka birkin baya sarƙa tana ɗaure, kada a jingina da giya ana ɗaurewa. Bayan fita uku na farko a sake duba shi tare da sassaucin sarƙar.